Daga Zance Zuwa Harafi: Inda Aljabara Ke Kuɓuce wa Ɗalibi

Ka ba ɗalibi 3x + 5 = 20 ka ce ya nemo x, kafin ka waiwaya ya gama: ya ɗebe biyar, ya raba da uku, ya rubuta 5. Amma ka ba shi tambaya a zube, labari mai layi uku babu harafin lissafi ko ɗaya a ciki, ka ce shi da kansa ya fito da abin da za a warware, sai ka ga alƙalami ya tsaya cak. Ba lissafin ne ya ƙara wuya ba. A karon farko an riga an yi masa aikin da ya fi nauyi, abin da ya rage kawai ya bi matakan da ya haddace. A karo na biyu kuwa an bar shi da zance tsagwaronsa, kuma babu wata ƙa'ida ta hadda da za ta mayar da kowane zance zuwa alamomi.

Wannan gaɓa ita ce ƙofar aljabara, kuma a ganina ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Akan ba ta darasi ɗaya ko biyu, a rubuta jerin kalmomi a allo, a ce "ƙari" tarawa ne, "ragi" ɗebewa ne, "ninki" sau ne, daga nan a garzaya zuwa warware daidaito, wai can ne lissafin gaske yake. Daga baya kuma a zo ana mamakin yaron da ya ƙware wajen juya alamomi amma ba ya taɓuka komai da zarar tambaya ta zo da labari.

Da farko akwai abubuwa biyu da ya kamata a raba. In na ce "wata lamba da aka ƙara mata biyar", abin da zan rubuta shi ne x + 5. Wannan furuci ne kurum, suna ne na wani adadi. Bai ce adadin nawa ne ba, bai yi da'awar komai ba. In na ƙara da cewa "sai ta zama goma sha biyu", to yanzu na yi da'awa, kuma rubutun ya koma x + 5 = 12. Wannan shi ne daidaito: ɓangarori biyu da aka ce nauyinsu ɗaya. Daidaito ake warwarewa. Furuci kuwa sai dai a sauƙaƙa shi, ko a sa lamba a gurbin harafin a ga abin da zai ba da. Kowane daidaito da furuci ake gina shi, don haka wanda furucinsa ya karkace, komai ƙwarewarsa a warwarewa amsar wata tambaya daban zai fitar.

Matsala ta farko ma ba ta fahimta ba ce, ta sabo ce. Tun ajin farko yaro ya saba cewa alamar tarawa umarni ce: ya ga 3 + 5, ya rubuta 8. Amsa lamba ce guda ɗaya tilo. Yau kuma an ce masa x + 5 ita ce amsar, ya tsaya nan. Ransa ba ya kwantawa, gani yake aikin bai ƙare ba, sai ya matse su wuri ɗaya ya rubuta 5x don alamar ta ɓace. Ba sakarci ba ne, biyayya ce ga abin da aka koya masa shekara da shekaru. Maganinsa kuma ba faɗa ba ne. A ce masa ya ɗauka x biyu ce: x + 5 ta ba da 7, 5x ta ba da 10. Shi da kansa zai ga ba abu ɗaya ba ne.

Wanda ke ganin abin mai sauƙi ne ya duba tsawon lokacin da ya ɗauki masana kafin su iso inda muke. Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na al-jabr da al-muƙabala a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin Halifa al-Ma'amun, kuma daga sunan littafin aka samo sunan fannin, bai yi amfani da alama ko ɗaya ba. Komai a zube ya rubuta. Adadin da ba a sani ba yakan kira shi "abu" ko "saiwa", in an ninka shi da kansa ya kira shi "dukiya". Shahararren misalinsa yana cewa dukiya da saiwoyinta goma sun yi daidai da dirhami talatin da tara, abin da mu a yau za mu rubuta x² + 10x = 39, amsar kuma 3 ce. Alamomin + da − sai a 1489 suka fara fitowa a littafin da aka buga, na Johannes Widmann a Jamus. Alamar = ta Robert Recorde ce, a 1557. François Viète na Faransa, a 1591, shi ya tsara amfani da haruffa a madadin adadi, wasula na abin da ba a sani ba, baƙaƙe na wanda aka sani. René Descartes kuma a 1637 ya kawo al'adar da muke kai har yanzu, x, y, z na abin da ake nema, a, b, c na sananne. Tsakanin al-Khwarizmi da Descartes shekara ɗari takwas ne da ɗoriya. Wannan tafiyar ce ake so yaro ya yi cikin mako guda.

To mene ne harafin nan yake wakilta? A nan gizo ke saƙar. Harafi a aljabara lamba ce. Ba mutum ba ne, ba littafi ba ne, ba gajarta sunan wani abu ba ne. Kamar ambulan ne da aka liƙe da lamba a ciki: ba ka buɗe ba tukuna, amma ka san abin da ke ciki lamba ce, kuma duk abin da ake yi wa lamba za a iya yi masa.

Abin takaici, sau da yawa daga allo kuskuren yake farawa. Malami na son sauƙaƙawa, sai ya ce 3a + 2b alƙaluma uku ne da littattafai biyu, shi ya sa ba a haɗa su. Yaro ya gane a ranar, kowa ya ji daɗi. Amma an shuka masa cewa a na nufin "alƙalami". Ranar da aka ce kowane littafi nauyinsa giram 200, kowane alƙalami giram 10, a rubuta nauyin littattafai b da alƙaluma a, amsar ita ce 200b + 10a. Yaron da ya ɗauka b "littafi" ne zai karanta wannan a matsayin littattafai ɗari biyu da alƙaluma goma, abin da ba shi da alaƙa da tambayar. A nan b yawan littattafai ne, 200b kuma ɗari biyu sau wannan yawan. Shi ya sa layin farko na kowane aiki bai kamata ya zama "x shi ne uba" ba. Ya zama "x shi ne shekarun uba a yau". Kalmomi uku ne ko huɗu aka ƙara, amma su ne ke riƙe da sauran aikin.

An gwada girman wannan kuskure a kan manya ma. A farkon shekarun 1980, John Clement da abokan aikinsa a Jami'ar Massachusetts ta Amurka sun ba ɗaliban injiniya 'yan shekarar farko wata tambaya mai layi ɗaya. Ma'anarta: a wata jami'a yawan ɗalibai ya ninka na malamai sau shida, a rubuta daidaiton da ke nuna haka. Fiye da kashi ɗaya cikin uku ba su samu ba, kuma akasarin waɗanda suka faɗi abu ɗaya suka rubuta. In muka sa d a matsayin yawan ɗalibai, m yawan malamai, sun rubuta 6d = m. Daidai kuwa shi ne d = 6m. Waɗannan fa mutane ne da suka wuce aljabarar sakandare suka shiga lissafi mai zurfi.

Me ya kai su? Abu biyu. Wasu sun bi kalmomin ne a jere kamar yadda suka zo a jimlar, suna sauke kowace zuwa alama. Wasu kuma hoto suke gani a zuci, ɗalibai shida tsaye a gefe, malami ɗaya a ɗaya gefen, sai suka rubuta "ɗalibai shida na malami ɗaya". Hoton gaskiya ne, amma alamar = ba ta nufin "na" ko "suna tafiya tare da". Nufinta lambar hagu ita ce lambar dama. A sa malamai 10, ɗalibai za su zama 60. To 6d ya zama 360, m kuma 10. Ina 360, ina 10? Ƙaramin adadi shi ke buƙatar a ninka shi kafin ya kamo babba, don haka shidan a jikin m take, duk da cewa ɗalibai ne suka fi yawa.

Irin wannan tarkon yana nan a ma'aunai. Kowa ya san mita ɗaya santimita ɗari ce. Amma in m yawan mitocin wata igiya ne, s kuma yawan santimitocinta, dangantakar ita ce s = 100m, ba m = 100s ba. Igiya mai mita 3 santimita 300 ce. Haka mako w yana da kwana 7w, kwana k kuma mako k/7 ne.

Ka lura da abin da muka yi ta yi don kama kuskure: mukan ɗauki lamba ta gaske mu gwada. Wannan ba dabarar duba amsa ba ce kawai a ƙarshen aiki. Ita ce hanyar gina furucin tun daga tushe, kuma da a hannuna abin yake, da ita za a fara koyarwa kafin kowane jerin kalmomi. Ga yadda take. An ce tanki na ɗauke da lita 500 na ruwa, kowane minti lita 20 na fita, a rubuta abin da zai rage bayan minti t. Manta da t tukuna. Bayan minti 3 nawa ya rage? Kowane yaro zai ce 440. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: yaya ka yi ka samu? Na ninka 20 sau 3, na ɗebe daga 500. To rubuta shi haka, kada ka ƙarasa lissafin: 500 − 20 × 3. Bayan minti 7 fa? 500 − 20 × 7. Bayan minti 11? 500 − 20 × 11. Yanzu a dubi layukan uku. Me ke canzawa, me ke zaune? Inda ke canzawa nan ne mazaunin harafi: 500 − 20t. Furucin aljabara ba komai ba ne illa rubutaccen bayanin abin da za ka yi wa lambar da ka san ta.

Sirrin yana wajen ƙin ƙarasa lissafin. Da zarar an rubuta 440, an binne hanyar da aka bi, babu mai iya ganin 500 ko 20 ko 3 a cikinta. Sannan a guji gwaji da 1 ko 2, don suna ɓoye kuskure: 2 + 2 da 2 × 2 duk 4 ne, ninkawa da 1 kuma ba ta canza komai. Lamba irin 7 ko 10 ta fi tona asiri. Akwai kuma wani abu da alamomi ba za su faɗa maka ba, sai labarin: bayan minti 25 tankin ya ƙare, don haka furucin nan ba shi da ma'ana in t ta wuce 25. A sa 30 zai ba da −100, kuma babu tankin da ke riƙe da ruwa ƙasa da babu.

Dabarar gwada lamba ta girmi haruffan kansu nesa ba kusa ba. A takardar lissafin nan ta tsohuwar Masar da wani magatakarda mai suna Ahmes ya kwafa wajen shekara 1550 kafin Miladiyya, wadda ke ajiye a gidan tarihi na Birtaniya a Landan, akwai tambayar da ke cewa wani adadi da kashi ɗaya cikin bakwai nasa sun haɗu sun zama 19. Mu za mu rubuta x + x/7 = 19. Shi ba shi da x, sai ya ɗauki 7, don tana rabuwa da bakwai ba saura. Bakwai da ɗaya sun ba da 8, ba 19 ba. Sai ya nemi sau nawa za a ninka 8 ta zama 19, ya ninka 7 da wannan adadin, ya samu 16 da rabi da kashi ɗaya cikin takwas. Ya san 7 ba ita ce amsa ba. Ya yi amfani da ita ne don ya ga ƙirar tambayar.

Yanzu mu koma kan jerin kalmomin nan na allo, mu ga inda suke yaudara. An ce yaya ya girmi ƙanensa da shekara huɗu, shekarun yayan x ne, a rubuta na ƙanen. Mai farautar kalmomi ya ga "girmi", ya tuna an ce fifiko tarawa ne, ya rubuta x + 4. Ya mayar da ƙane yaya. Amsar x − 4 ce. Kalmar ba ta yi ƙarya ba, akwai fifiko a labarin, amma ba ta faɗi a wane ɓangare harafin yake ba, kuma wannan sai an karanta jimlar duka. Tambayar da za a yi kafin a taɓa alƙalami ita ce: cikin biyun nan wa ya fi, kuma wanne na riga na ba harafi?

Tarawa da ninkawa suna da yafiya, ko ta ina ka fara abu ɗaya ne: x + 4 da 4 + x ba su da bambanci. Ɗebewa da rabawa ba su san wannan ba. In aka ce "ashirin ba biyu", zancen da alamomin tafiyarsu ɗaya, 20 − 2. Amma in aka ce "ɗebe bakwai daga n", bakwai ce ta fara fitowa a baki, a rubuce kuwa ita ce a baya: n − 7. Wanda ya bi jerin kalmomi zai rubuta 7 − n. Haka "nawa ya rage y ta kai hamsin" 50 − y ne, duk da y aka fara ambata. A rabawa kuma akwai wani tsohon sabo da ke shigowa. A lissafin firamare yaro ya saba babbar lamba ake rabawa da ƙarama, ba ya ma tsayawa tunanin wacce ake rabawa. To ga littattafai 24 za a raba wa yara n, kowa ya samu 24/n. Ga kuma littattafai n za a raba wa yara 24, kowa ya samu n/24. Harafi ba ya nuna girmansa a fuska, don haka dabarar "babba a sama" ta mutu, dole a san mene ne ake rabawa, su wa ake raba wa.

Wannan rashin sanin girman harafi shi ne ya sa wata 'yar tambaya da Dietmar Küchemann ya yi wa 'yan sakandare a Ingila a ƙarshen shekarun 1970 ta yi suna: tsakanin 2n da n + 2 wanne ya fi girma? Kaɗan ne ƙwarai suka amsa daidai, mafi yawa suka zaɓi 2n don ninkawa ce. Alhali ya danganta da n. In n ɗaya ce, n + 2 ya fi. In biyu ce, kunnen doki ne. Sai ta wuce biyu 2n ke yin gaba.

Sai maganar baka biyu, wadda tambayoyin shekaru suka fi kowanne fito da ita. Shekarun uba sun ninka na ɗansa sau uku. In na ɗan x ne, na uban 3x. Bayan shekara goma fa? Ɗan zai zama x + 10. Da yawa sukan ce to uban 3(x + 10), tunda ai ninki uku ne. A gwada: ɗa mai 12, uba mai 36. Bayan shekara goma ɗan yana 22, uban 46. Amma 3 × 22 ya ba da 66, an ƙara wa bawan Allah shekara talatin cikin shekara goma. Daidai shi ne 3x + 10. Ninki ukun na yau ne kawai, abin da ba ya canzawa tsakanin mutum biyu shi ne tazarar shekarunsu, ba ninkin ba. In kuma tambayar ta ci gaba da cewa a lokacin shekarun uban za su ninka na ɗan sau biyu, nan ne baka biyu ke da aiki, domin dukan shekarun ɗan na wancan lokacin za a ninka, ba x kaɗai ba: 3x + 10 = 2(x + 10). Amsar x = 10. Ɗa mai 10 da uba mai 30 za su zama 20 da 40.

Aikin baka biyu ke nan, su ce "gama wannan tukuna, ka ɗauke shi a dunƙule". A baki, ɗan tsayawa da murya ke yin wannan aikin. A rubuce kuwa wani lokaci babu abin da ke yin sa, kuma a nan ba kullum laifin ɗalibi ba ne. "Rabin wata lamba da shida" na iya zama x/2 + 6, yana kuma iya zama (x + 6)/2. In lambar 10 ce, na farko 11, na biyu 8. Jimlar ta ɗauki duka biyun. Mai tsara tambayar da ya rubuta haka sannan ya soke amsar yaro, shi ya kamata a mayar wa takardarsa. Ya ce "a raba lambar biyu sannan a ƙara shida", ko "a ƙara shida sannan a raba biyu", magana ta ƙare.

Wa za a ba harafin? Ko wanne aka ba, in an bi a hankali za a isa, sai dai wata hanyar ta fi wata santsi. A misalin uba da ɗa, da uban muka ba x, da ɗan ya zama x/3, mun jawo wa kanmu ɓangare ba gaira ba dalili. Galibi wanda ake auna sauran da shi, shi ya fi dacewa. Kuma ba kowane abin da ba a sani ba ne ke buƙatar sabon harafi. Igiya mai mita 30 aka yanka gida biyu, in guntu ɗaya x ne, ɗayan 30 − x ne, ba sai an kira y ba. Wannan ɗan furucin, jimla a ɗebe kashi ɗaya, yana buɗe tambayoyi masu ɗimbin yawa, kuma yana cikin waɗanda ɗalibai suka fi jinkirin gani. Lambobi uku a jere kuma ana iya rubuta su n, n + 1, n + 2, jimlarsu 3n + 3. Amma in ta tsakiya aka ba harafin, sun zama n − 1, n, n + 1, ɗaya ta cinye ɗaya, jimla 3n cif. Nan take ka ga abin da ba a ma tambaye ka ba: duk lambobi uku da ke jere, jimlarsu ninki uku ne na ta tsakiya.

Akwai wani aiki da nake ganin ya fi shafi guda na tambayoyi amfani. A jera tsinken ashana a yi murabba'i ɗaya, tsinke 4. A manna na biyu a jikinsa su yi tarayya a bango ɗaya, tsinke 7. Na uku, 10. Murabba'i n a jere tsinke nawa za su ci? Amsar da ke fara zuwa baki 4n ce, gwaji da 2 kuma ya rushe ta, don ta ba da 8 alhali 7 muke gani a gabanmu. Daga nan sai ka ji amsoshi sun rarrabu. Wani zai ce na farko ya ci huɗu, kowane na bayansa uku: 4 + 3(n − 1). Wata za ta ce a ajiye tsinke ɗaya a tsaye, kowane murabba'i ya ƙara uku: 3n + 1. Wani ya ƙirga na kwance, sama da ƙasa, 2n, da na tsaye, n + 1, ya rubuta 2n + (n + 1). Wani kuma ya tsaya kan 4n ɗinsa amma ya cire bangayen da aka ƙirga sau biyu: 4n − (n − 1). Duka huɗun daidai ne, kowanne in aka sauƙaƙa shi 3n + 1 yake komawa, murabba'i 100 kuma tsinke 301 za su ci ta kowace hanya. Malamin da ya karɓi ɗaya kawai don ita ce a takardar amsa ya yi asarar darasi mafi kyau a ranar, wato cewa kowane furuci yana nuna yadda mai shi ya kalli abin, kuma ƙa'idojin buɗe baka da haɗa masu kama an yi su ne don a gane ko kallo biyu sun zo ɗaya.

Tarko na ƙarshe da zan ambata daga yadda muke rubuta lambobi yake fitowa. A lissafin yau da kullum, 4 kusa da 7 na nufin arba'in da bakwai. A aljabara, a kusa da b na nufin a sau b. Don haka in aka ce lamba mai gurbi biyu, a a gurbin gomomi, b a gurbin ɗaiɗai, rubuta ab kuskure ne: da 4 da 7 zai ba da 28. Sai an tuna abin da 47 take nufi a asali, goma huɗu da bakwai, sannan furucin zai fito: 10a + b.

Da wannan a hannu ana iya gane wasan nan da ake burge yara da shi. A ce ka riƙe kowace lamba mai gurbi biyu a ranka, ka tara alƙalumanta biyu, ka ɗebe abin da ka samu daga lambar. Mai 47 zai ɗebe 11 ya samu 36. Mai 82 zai ɗebe 10 ya samu 72. Mai 15 zai ɗebe 6 ya samu 9. Kullum amsar tana rabuwa da tara ba saura. Lambobi masu gurbi biyu guda casa'in ne, daga 10 zuwa 99, mai haƙuri zai iya bin su ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar. Ko kuma a rubuta (10a + b) − (a + b). Baka na biyu dole ne, don jimlar gaba ɗaya ake ɗebewa, wanda ya manta da shi zai ƙare da ƙara b maimakon cire ta. A buɗe: b ta tafi da b, a ɗaya ta fita daga goma, saura 9a. Ba ma rabuwa da tara kaɗai ba, layin ya nuna cewa alƙalamin ɗaiɗai ba shi da ta cewa sam: 40, 43 da 49 duk 36 za su bayar.